Na ga labari a talabijin, ta yaya zan samo cikonsa a intanet?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, ina harkar hatsi da dabbobi tsakanin nan da Mai'aduwa, wani lokaci har Jibiya. Abin da ke damuna shi ne, sai in ga labari a talabijin da dare wanda ya shafi sana'ata, misali a ce an buɗe boda ko an canza wata doka, kafin in gama fahimta an wuce zuwa wani labarin, ko a ɗauke wuta. Idan na ɗauki waya in nemi ƙarin bayani sai in tarar da labarai barkatai, wannan ya ce kaza, wancan ya ce akasin haka, wasu ma ashe na bara ne. Ta yaya zan riƙa samo cikon abin da na gani, kuma in san wanda zan kama?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake nema: yadda za ka kamo ragowar labarin da talabijin ta gutsuro maka, da yadda za ka tsince na gaskiya daga cikin tarkacen da waya ke zubo maka. Wannan shi ne aikinmu na kullum a ɗakin labarai. Na daɗe ina tace labarai a nan Katsina, a rediyo da talabijin, kuma yawancin abin da muke yi bai buƙatar kayan aikin da ya wuce wayar da ke aljihunka. Sai dai tun daga farko ina so ka riƙe abu guda, domin sauran bayanin duk a kansa ya rataya. Ganin labari a talabijin, sannan ka sake ganinsa a shafuka goma na intanet, ba ya nufin mutum goma sha ɗaya ne suka shaida shi. Sau da yawa daga bakin mutum ɗaya ya fito. Neman da zai amfane ka shi ne wanda zai kai ka ga wannan bakin na farko, sannan ya samo maka na biyu wanda ba daga na farkon ya ji ba.

Dalilin da talabijin ke ba ka rabin magana

Ba rowa ba ce, ƙarancin lokaci ne. Ƙa'idar da ake koya wa mai rubuta labarin da za a karanta a iska ita ce kalma uku a daƙiƙa ɗaya, ke nan minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kalma 180. Labaran rabin awa kuwa, idan aka cire talla da kanun labarai da wasanni, ɗan abin da ya rage shi za a raba wa labarai masu yawa. Takardar da hukumar kwastan ko Babban Banki ya fitar tana iya kai shafi biyu ko uku. Dole edita ya sa almakashi. Abin da ya saba yankewa shi ne jerin sunayen garuruwa, da ranar da doka za ta fara aiki, da sharuɗɗan da ke can ƙasan takarda, saboda yana tunanin mai kallo na Legas da na Maiduguri da na Fatakwal gaba ɗaya. Kai kuwa ɗan kasuwa, waɗannan da aka yanke su ne ainihin labarin a wurinka.

Tunda boda ka ambata, bari mu tsaya a kanta. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Ranar 16 ga Disamban 2020 ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta fito daga taron majalisar zartarwa ta ce an buɗe. Kanun labaran daren nan duk abu ɗaya suka ce: an buɗe boda. Amma guda huɗu ne kawai aka ambata, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, kuma haramcin shigo da shinkafa da kaji yana nan daram. Jibiya ba ta ciki. Sai a watan Afrilun 2022 kwastan ta sanar da buɗe Jibiya, tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Wanda ya ji kanun labari ya loda mota ya nufi Magama, bakin bodar Jibiya, a Disamban 2020, talabijin ba ta yi masa ƙarya ba, amma ba ta ba shi abin da zai hana shi asara ba.

Daga baya abin ya ƙara cakuɗewa. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa. ECOWAS ta janye takunkumi a taronta na Abuja ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe ɓangaren Najeriya ranar 13 ga Maris, ita kuma Nijar sai bayan wasu kwanaki ta buɗe nata. Ka ga ke nan a cikin shekara huɗu akwai ranaku aƙalla biyar da wani mai karanta labarai ya zauna gaban kyamara ya ce an buɗe boda, kuma duk faya-fayan suna nan a intanet. Kowanne gaskiya ne a ranarsa. Shi ya sa kake ganin wannan ya ce kaza, wancan ya ce akasin haka. Ba saɓani suke yi ba, shekarunsu ne daban.

Abin da za ka kama tun labarin yana kan allo

Nema yana farawa ne tun kana zaune gaban akwatin. Da zarar ka ji labarin da ya shafe ka, ɗaga waya ka ɗauki hoton allon, ko da ya fito dishi-dishi. Hoton zai riƙe maka tambarin tashar, da rubutun da ke ƙasan allo mai ɗauke da sunan wanda ke magana da muƙaminsa, wayar kuma za ta ajiye maka rana da lokaci. Sunan mai maganar ya fi komai daraja. "An ce an buɗe boda" ba ya nemuwa, amma sunan kwanturola ko minista ko kakaki tare da sunan gari yana nemuwa cikin minti biyu. Idan an ambaci wani adadi, shi ma ka riƙe shi, domin lamba ba ta canza kama tsakanin Hausa da Turanci.

Daga nan wurin farko da za ka je shi ne gidan tashar kanta, ba Google ba. Manyan tasoshi irin su NTA da Channels da TVC da Arise da Trust TV suna da shafukansu a YouTube, suna ɗora labaransu, wasu ma kai-tsaye suke watsawa a can. Idan wuta ta ɗauke maka ana tsakiyar labaran ƙarfe tara na NTA ko na ƙarfe goma na Channels, kana iya samun su a waya, ka ja jan layin nan na ƙasan bidiyo baya ka sake saurare a tsanake. A faya-fayan Turanci YouTube kan fitar da rubutaccen abin da aka faɗa, yana nan a ƙasan bayanin bidiyon, sai ka bi shi da ido ka tsallaka daidai wurin da kake so, ba sai ka ƙone data kana kallon awa guda ba. Da Hausa wannan bai cika aiki ba.

Labaran cikin jiha sun fi wuyar samu. Kafofinmu na gida, irin su KTTV da gidan rediyon jiha da Companion FM da Vision FM, su ne ke kawo abin da manyan tasoshin Abuja da Legas ba za su kula da shi ba, amma abin da ya fito da murya da Hausa injin bincike ba ya jinsa. Idan aka ɗora labaran yamma gaba ɗaya a Facebook aka sa musu kwanan wata kawai, Google bai san cewa a minti na goma sha biyu an yi maganar kasuwar Mai'aduwa ba. Sai ka shiga shafin tashar da kanka ka nemi faifan ranar. Kada kuma ka yi jinkiri, domin tun watan Fabrairun 2025 Facebook ke goge faya-fayan da aka watsa kai-tsaye bayan kwana 30. Abin da ka san za ka buƙata nan gaba, ka sauke shi a waya.

Yadda ake tambayar injin bincike

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta wa Google doguwar tambaya kamar yana hira da aboki. Kalma uku ko huɗu sun isa: sunan mutum ko hukuma, sunan gari, da abin da ya faru. Ka fara da Hausa, za ka samu BBC Hausa da Aminiya da RFI Hausa da DW da TRT Afrika da Premium Times Hausa da makamantansu. Sannan ka sake da Turanci, domin takardun gwamnati da Turanci ake fitar da su, kuma cikakken bayanin ya fi yawa a can. Ba sai kana jin Turanci sosai ba. Rubuta Jibia border Customs ya wadatar, abin da ya fito kuma wayarka tana iya juya maka shi zuwa Hausa, ko da fassarar ba ta yi daɗi ba za ka ga sunaye da ranaku.

Sunayen garuruwanmu suna da tarko. Mu muna rubuta Jibiya, takardun hukuma suna rubuta Jibia. Akwai Ƙanƙara da Kankara, Ɗanmusa da Dan Musa, Dutsin-Ma da Dutsinma, Mai'aduwa da Mai'adua da Maiadua, Funtuwa da Funtua. Idan ɗaya bai fitar da komai ba ka gwada ɗayan, ka kuma gwada ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, don jaridu da yawa ba sa amfani da su. Sannan ka lura da masu kama da juna. Katsina-Ala a jihar Binuwai take. Dutse ta Jigawa ce, Dutsi tamu ce, Dutsin-Ma kuma wani gari ne daban. Zangon Daura ba Zangon Kataf ba ce. Na sha ganin hankalin mutane ya tashi a kan labarin wani gari da ke nesa da su da ɗaruruwan kilomita saboda suna ya zo ɗaya.

Dabara mafi amfani a wurinka ita ce ta lokaci. A saman sakamakon Google akwai wurin da ake zaɓar labarai kaɗai, akwai kuma wurin da za ka ce a nuna maka na awa 24 da suka wuce, ko na mako guda. Wannan kaɗai zai share maka na bara da na bara waccan. A YouTube ma akwai irinsa, ka tace da ranar ɗorawa. Duk da haka idan ka buɗe labari, idonka ya fara sauka kan kwanan wata kafin kanun. Shafin da ba ya sa kwanan wata, ba ya sa sunan wanda ya rubuta, ni rufe shi nake yi. Idan kuma jarida ɗaya kake so ka bincika, rubuta site: sai adireshinta a manne, sai ka ba da tazara ka sa kalmarka, zai fito maka da abin da ke cikinta kawai.

Shafi goma, baki ɗaya

Nan ne zan daɗe, saboda nan mutane ke ruɗuwa. Yawancin labaran gwamnati da kake gani daga ɗayan wurare uku suke fitowa: sanarwar da kakakin hukuma ya tura wa manema labarai, ko taron manema labarai, ko rahoton Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, NAN, wanda aka kafa a 1976 don ya riƙa raba wa kafofi labarai. Sanarwa ɗaya za ta faɗo cikin zauren WhatsApp na 'yan jarida da la'asar. Kafin magariba jaridun intanet sun buga ta, da dare talabijin ta karanta, da safe gidajen rediyo sun juya ta zuwa Hausa, masu shafukan Facebook kuma sun kwafe ta sun ƙara mata gishiri. Kai da ka zo nema sai ka ga ko'ina ita ce, ka ce lallai ta tabbata. Tulu goma ne aka ɗebo daga rijiya ɗaya. Idan ruwan rijiyar ya gurɓace, duk tulunan haka suke.

Akwai hanyar gane wannan cikin sauƙi. Ɗauki jimla ɗaya daga tsakiyar labarin, ka kwafe ta, ka sa ta tsakanin alamun zance biyu a Google. Idan shafuka da yawa suka fito da ita kalma da kalma, to majiya ɗaya ce. Duba kuma ƙarshen labarin, sau da yawa za ka ga an rubuta NAN, ko a tsakiya an ce "a cikin wata sanarwa da ya sanya wa hannu". Wannan ba aibi ba ne. Amfaninsa ya nuna maka inda za ka nufa. Je ka nemi sanarwar kanta a shafin hukumar da ta fitar: kwastan idan boda ce, Babban Banki idan kuɗi ne, NAHCON da hukumar alhazai ta jiha idan kujerar Hajji ce, NiMet idan hasashen damina ne, JAMB idan jarrabawar yara ce. A can za ka ga jerin garuruwa da ranaku da sharuɗɗan da aka yanke.

Ka tuna rikicin canjin kuɗi. An sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Duk lokacin da tsohon faifai ya sake zagayowa ana cewa za a daina karɓar tsofaffin kuɗi, shafin Babban Banki ne ke raba gardama, ba yawan masu turawa ba.

Amma samun takardar hukuma rabin aiki ne. Ita tana faɗa maka abin da hukuma ta ce, ba lallai abin da ya faru ba. Don haka sai ka koma cikin labaran ka nemi wanda ya ƙara wani abu da babu shi a sanarwar: wakilin da ya taka ƙafa ya je wurin, ya ji ta bakin direbobi ko mazauna gari ko shugaban 'yan kasuwa, ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Rahoto ɗaya na ganau ya fi kwafi ashirin na jiyau. Idan bakin hukuma da bakin wanda ya je wurin suka haɗu, ka samu abin kamawa. Idan suka saɓa, wannan saɓanin shi ma labari ne, kuma shi ne alamar ka dakata.

Labarin farko shi ne mafi rauni

Mu 'yan jarida muna son kalmar "da ɗumi-ɗumi", amma gaskiyar magana labari mai ɗumi bai gama nuna ba. Babu Bakatsinen da zai manta daren Juma'a 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A kwana biyun farko adadi iri-iri aka yi ta ji. Wasu yaran sun tsere cikin daji suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu iyaye sun kwashe nasu sun tafi gida, ba wanda ke da cikakken lissafi. Ranar Lahadi Gwamna Masari ya ce 333 ne ba a gani ba, daga Abuja kuma an ji adadin da bai kai kusa da haka ba. Ranar 15 ga wata aka fitar da muryar Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, yana cewa su ne suka yi. Ranar 17 aka sako yaran, aka ce 344 ne. Wanda ya bincika yau zai tarar da duk waɗannan lambobi a jere, kuma idan bai duba ranar kowanne ba sai ya ce wani ya yi ƙarya. Abin da nake yi da irin wannan labari shi ne in jera rahotannin bisa ranakunsu, in fara karanta na ƙarshe, sannan in koma baya in ga inda aka gyara.

A labaran tsaro musamman, ka sa a ranka cewa kowane ɓangare yana da abin da ke jansa. Hukuma takan yi jinkiri ko ta faɗi adadin da ta tabbatar kawai, mutanen gari kuma cikin firgici sukan lissafa har da waɗanda suka gudu ba a gan su ba. Ba na cewa ka raba biyu ka ɗauki tsakiya. Ina cewa ka jira rahoton kwana na biyu da na uku, lokacin da aka yi jana'iza ko aka ƙirga waɗanda suka dawo. Kafin nan, don Allah kada ka tura wa kowa. Akwai uwar da ɗanta ke wannan garin a cikin zauren da za ka tura.

Faifan bidiyo da hoto

Ido yana saurin yarda, shi ya sa aka fi yaudarar mutane ta nan. Ita kanta talabijin tana amfani da tsofaffin hotuna na ajiya idan ba ta da sababbi, kuma ba kullum take rubuta hakan a allo ba. Jerin tireloli da ka gani ana nunawa yayin da ake karanta labarin boda, mai yiwuwa an ɗauke shi shekara uku da suka wuce a wata bodar daban.

Akwai wani faifai da aka taɓa turo mana a tsakiyar hunturu, ana cewa ga motocin hatsi an tare a hanyar Kongolam, bakin bodar Mai'aduwa, a wannan safiya. Ba mu buƙaci wata na'ura ba. A gefen titi ciyawa kore shar, ga kududdufi, sararin sama fes babu ƙura, yaran da ke tallar ruwa ba mai rigar sanyi. A watan da ko gaban mota ba ka gani sosai saboda hazo, wannan ba safiyar ranar ba ce. Irin abin da za ka riƙa dubawa ke nan, kuma kai ɗan ƙasa ka fi baƙo iya gani: yanayin shekara, lambar mota, kakin jami'ai, rubutun allunan shaguna, karin harshen masu magana, har farashin da wani ya ambata a bayan fage. Idan ana cewa a Batsari ne amma masu ihu da Hausar wani yanki suke yi, ka yi shakka.

Bayan ido sai na'ura. Tsayar da bidiyon a wurin da hoto ya fito sosai, ka ɗauki hoton allon wayarka, ka sa shi a Google Lens. Sau da yawa zai nuna maka inda hoton ya taɓa fitowa da shekarar. Idan bai fito ba ka gwada wani wurin a cikin faifan. Yanzu kuma ga sabuwar fitina: ana ɗaukar fuskar sanannen mai karanta labarai da tambarin tasharsa, a sa masa murya da ƙirƙirarriyar basira, ya yi ta tallar wani tsarin zuba jari ko rabon tallafi da babu shi. Maganinsa ɗaya ne, ka je shafin tashar na gaskiya ka duba. Idan babu shi a can, ba nasu ba ne. Duk labarin da ya ƙare da "latsa nan ka cike", ko ya nemi lambar BVN ko lambar sirri ta katinka, ba labari ba ne, tarko ne. Akwai kuma masu aikin tantance irin waɗannan, kamar Dubawa da aka kafa a 2018, da FactCheckHub, da Africa Check. Rubuta sunan ɗayansu tare da kalmomin labarin, wataƙila sun riga sun bincika.

Boda fuska biyu gare ta

Ga mai sana'a irin taka, kafofin Najeriya kaɗai ba su isa ba. Abuja tana iya buɗewa Yamai ba ta buɗe ba, kamar yadda aka gani a Maris ɗin 2024. Sai ka leƙa ɗaya ɓangaren. Gidan talabijin na gwamnatin Nijar shi ne Télé Sahel, kamfanin dillancin labaransu ANP, akwai kuma Studio Kalangou da ke shirye-shirye da Hausa. Wajen nema ka rubuta sunayen yadda suke rubutawa: Maradi, Dan Issa, Matameye, sannan Zinder a madadin Damagaram, ka haɗa da kalmar frontière, wato iyaka da Faransanci. Sassan Hausa na rediyoyin waje ma suna da amfani a nan, saboda suna ɗauko rahoto daga ɓangarorin biyu.

Inda wannan hanya ta tsaya

Duk abin da na faɗa yana aiki ne a kan abin da wani ya rubuta ko ya ɗauka. Akwai ƙauyuka da yawa a jihar nan da kyamara ba ta zuwa, wakili ba ya iya shiga, sabis ma sai an hau tudu. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, aka yi watanni labarin waɗannan wurare sai wanda ya fito ya faɗa da baki. Saboda haka rashin ganin labari a talabijin ko intanet ba ya nufin abin bai faru ba. Yana nufin ba a tabbatar ba tukuna. Haka tsofaffin labaran tasoshinmu na gida, yawancinsu ba su taɓa hawa intanet ba, mai nemansu sai ya je tashar ya nemi sashen ajiya.

Sannan ni ɗan jarida ne, ba jami'in kwastan ba. Zan iya kai ka ga takarda, amma fassarar abin da ta halatta maka ka shigo da shi ko ka fitar, da kuɗin da za ka biya, wannan aikin ofishin kwastan ne na Katsina ko wakilin fito mai lasisi. Kai ma ka sani, abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ake yi a bakin shinge daban, kuma umarni yakan ɗauki kwanaki kafin ya sauko daga Abuja zuwa ga jami'in da ke tsaye a Kongolam.

Shi ya sa mu ma a ɗakin labarai, bayan duk binciken waya, kiran mutum muke yi. Kai kuwa ka fi mu mutane a wannan hanya: direbobin tasha, dillalan kara, abokan cinikinka na Matamaye da Maraɗi. Abin da zan ƙara maka shi ne yadda za ka yi tambayar. Kada ka ce "an ce an buɗe, haka ne?", domin zai ce maka shi ma ya ji, kuma mai yiwuwa a talabijin ɗin da ka kalla ya ji. Ka tambaye shi ko shi da kansa ya wuce, yaushe, da wace irin mota, ɗauke da wane kaya, me aka nema a hannunsa a ɓangarenmu, me aka nema a ɓangarensu. Idan bai wuce ba, ya ba ka lambar wanda ya wuce yau.